Jawabi Kan Hauhawar Kuɗin Ruwa Da Haƙƙin 'Yan Haya

 

Ƙorafin da ya fi yawan zuwa gaban wannan ƙungiya daga gidajen haya na Agege, Idi-Araba da Mile 12 shi ne na kuɗin ruwa. Takarda ta zo da kuɗi ninki biyu ko uku, mai gida ko wakilinsa ya raba wa 'yan haya, sannan a ɗora wa ɗakin Bahaushe kaso mafi tsoka, wai mu ne masu alwala sau biyar da yawan baƙi. Wasunmu sun biya don gudun fitina, wasu kuma gardama ta kai har an ba su takardar tashi.

To, mu yi lissafi. A ɗauka buta tana cin lita ɗaya da rabi. Mutum 10, kowa ya ƙarar da buta guda a kowace salla, lita 75 ke nan a rana, wato jarka uku ta lita 25. Amma famfon da ke ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da kusan jarka guda a kwana ɗaya, tankin masai kuwa, idan robar da ke toshe gindinsa ta lalace, yana iya tsiyayar da ɗaruruwan lita a rana ba tare da kowa ya ji motsi ba. Saboda haka kafin a zargi butarmu, a fara binciken yoyo.

Ga yadda ake yi a gidan da ke da mita. A zaɓi ranar da aka kawo ruwa, domin idan bututu a bushe yake gwajin ba zai nuna komai ba. A rufe dukkan famfuna, a kuma rufe makunnin da ke kai ruwa tankin sama. A rubuta lambobin mita duka, har da jajayen, a ɗauki hotonsu da waya a gaban mai gida ko wakilinsa. A jira awa biyu ba wanda ya taɓa ruwa, sannan a sake dubawa. Idan lambobi sun motsa, ruwa yana fita ta wani wuri. Mu tuna baƙar lamba ɗaya a yawancin mitoci lita 1,000 ce, jarka 40 ke nan.

Daga nan sai neman wurin. A ɗiga bular wanki a tankin masai, kada a ja ruwan. Idan bayan minti 15 shuɗi ya bayyana a cikin kwanon, an kama ɓarawo. A duba ƙwallon da ke tsayar da ruwa a tankin sama, domin da yawa suna ambaliya da dare ta bayan gida inda ba mai bi. Tankin ƙasa kuwa a yi masa alama da alli da dare, a duba da asuba. Bututun da aka binne shi ne mai wuyar sha'ani, amma yana barin shaida: bango mai danshi da fenti na ɓarewa, gansakuka a gindin katanga, ko ciyawa shar a wuri guda a tsakiyar rani. Masu rijiyar burtsatse ma kada su ce ba ruwansu, domin yoyon nan a kuɗin wuta da man janareta yake fitowa.

Sai batun wanda zai biya. A bisa al'ada, fashewar da ke tsakanin babban bututun titi da mita ta hukumar ruwa ce, kuma mita ba ta ƙirga ta. Abin da ke bayan mita na gida ne. Bututun da ke cikin bango ko ƙarƙashin tsakar gida, wanda kowa ke sha daga gare shi, gyaransa na mai gida ne, sai fa idan yarjejeniyar haya ta faɗi wani abu daban. Shi ya sa muke nanata a riƙa karanta ta kafin a sa hannu. Famfon da ke cikin ɗakinka kai kaɗai kuwa, gaskiya a gyara shi ba sai an jira kowa ba, robarsa ba ta da tsada.

Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta tanadi cewa kuɗin hidimomi da mai gida ke karɓa ban da haya, dole ya bayar da rasit ɗinsu daban, kuma ɗan haya yana da haƙƙin a ba shi bayani a rubuce aƙalla duk wata shida kan yadda aka kashe su. Don haka a nemi ganin ainihin takardar hukuma, a duba ko daga mita aka karanta ko kintace aka yi, a kwatanta da ta watanni ukun baya.

Duk wanda aka ƙi nuna wa takarda, kada ya yi cacar baki kuma kada ya daina biyan haya. Ya kawo hotunan mita da rasit ɗinsa ofishin ƙungiya, za mu haɗa shi da mai gyaran famfo da dattijo guda su je gidan tare.