JAWABIN TUNAWA DA INNA A BIKIN CIKA SHEKARA 50 NA EKKLESIYA

 

Kwamitin shirya wannan biki ya roƙe ni in faɗi wani abu game da Inna, wadda Ubangiji ya kira gida bara bayan girbi, tana da shekara tamanin da 'yan kai. Da farko na ƙi, gama ba al'adarmu ba ce ɗa ya tsaya gaban jama'a yana yabon mahaifiyarsa. Amma da aka nuna mini shafin tarihi na wannan littafi, sai na ga sunayen fastoci da na dattawa a jere tun daga farko, ban ga sunan mace ko ɗaya ba. Dalilin da ya sa na yarda ke nan. Ba zan kama sunanta ba, kun san ta, kun kuma san dalili. Ita ma ba ta taɓa kama nawa ba, domin ni ne ɗan farinta.

YADDA TA ZO GA BANGASKIYA

Inna ta tashi cikin gargajiyar kakanninmu, waɗanda ake kira Maguzawa. Tana noma gayaunarta, sana'arta kuwa dafa giya. Da kuɗin giyar nan take yi mana sutura, take sayen gishiri da manja. Tsofaffi a cikinmu ba su manta da farin 1973 ba, lokacin da dawa ta bushe a tsaye, rumbuna suka zama wayam. A shekarar nan Inna ta binne ƙanwata. Ta kai kaji da akuya wurin tsafi, yarinyar ba ta tashi ba.

Bayan wannan ne 'yan Sabon Rai Don Kowa suka fara zuwa ƙauyen nan na ƙasar Madobi suna wa'azi da yamma. Inna takan tsaya daga nesa, ta bayan danga, tana ji. Ranar da ta ba da gaskiya ba ta yi dogon bayani ba. Ta dawo gida ta zubar da tsiron dawar da ta jiƙa, ta wanke babbar tukunyar giyarta, ta kife ta. Ina saurayi a lokacin, na gani da idona. Babu wanda ya tilasta mata. Amma ku sani, 'yan'uwa, abin da ta kife ran nan shi ne abincin 'ya'yanta.

A MATSAYIN MATAR AURE

Baba bai ji daɗi ba ko kaɗan. Ya ce ta jawo masa abin kunya cikin dangi, ya daina cin tuwonta har wata biyu. Kowace yamma sai ta tuƙa, ta kai masa, ta durƙusa ta ajiye, da safe ta ɗauke yadda ta kai. 'Yan'uwanta suka ce ta yi yaji, ta ce ba inda za ta. Ba ta taɓa yi masa wa'azi ba, ba ta kuwa fasa zuwa sujada ba. Shekara 3 ana haka, ran nan sai muka ga Baba ya shigo rumfar sujada ya zauna a baya. Manzo Bitrus ya koya wa mata a wasiƙarsa ta fari, sura 3, cewa halin mace yana iya jawo mijin da magana ba ta jawo shi ba. Inna ba ta iya karatu ba tukuna a lokacin, amma ta aikata ayar. Sun zauna tare har ran da Baba ya riga ta, ita ce kuma ta yi jinyarsa har ƙarshe.

TUKUNYAR HATSI

A zamanin Gwamna Audu Bako aka gina madatsar ruwa ta Tiga, aka gama a 1974. Ruwa ya fara bin kanal zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, noman rani ya kankama: alkama, tumatir, albasa, daga baya shinkafa. A nan Allah ya buɗe wa Inna wata ƙofa. Da asuba, cikin sanyin hunturu, takan taka da ƙafa zuwa gonakin wajen Kura, ta yini tana tsinkar tumatir a gonakin mutane. Idan an yanke alkama kuwa, sai ta bi baya tana kala. Duk sa'ad da na karanta Littafin Rut sura 2, inda Rut ta yi kala a gonar Bo'aza har ƙarshen kakar sha'ir da ta alkama, Inna nake gani da ƙwarya a kai.

Ekklesiyar nan kuwa a lokacin rumfar kara ce. Mai bishararmu na farko ba shi da albashin kirki, wani wata ma babu. Sai Inna ta ɗauko tukunyar nan da ta kife, ta kawo ta bayan rumfa. Ta ce wa matan ekklesiya, su 6 ne a lokacin: duk wadda za ta yi girki, kafin ta kai hatsi turmi, ta ɗebi danƙi ɗaya ta ware, ran Lahadi ta kawo. Maza suka yi dariya, ni ma na yi. Amma Bahaushe ya ce da yayyafi kogi kan cika. Da hatsin tukunyar nan aka ciyar da gidan mai bishara. Da shi aka sayi kwanon rufin ɗakin sujada na farko. Da aka buɗe makarantun UPE a 1976, wasu iyaye ba su da halin ɗinka wa yara kayan makaranta, tukunyar nan ta ɗinka. A 2016, da tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir a yankin nan, gidaje da yawa cikinmu tuwon tukunyar nan suka ci, ba a kuwa taɓa faɗin sunan kowa a majami'a ba.

Manomanmu sun san ruwan Tiga, komai yawansa, ba ya isa gindin tumatir sai ta 'yar ƙaramar hanya da aka gyara da fartanya. Idan ta toshe, gona ta bushe ko da kanal na cike. Albarkar Allah ta isa gidaje masu yawa a ƙauyen nan ta hannun matan nan 6.

A MATSAYIN UWA DA KAKA

Inna ta haifi 'ya'ya 8, 5 suka rayu. Ba zan ce muku ba ta da laifi ba. Tana da faɗa, wanda ya makara zuwa addu'ar safe ya sani. Ba ta iya rarrashi ba, musamman ga ni ɗan fari. Ran da zan tafi makarantar Littafi Mai Tsarki a Kagoro, ba ta ko raka ni bakin hanya ba. Sai da na isa na kwance kayana, na tarar da kuɗi a ƙulle cikin tsumma. Daga baya na ji tunkiyarta guda ɗaya ta sayar. Bayan an naɗa ni, sai ta sami sunan da za ta kira ni ba tare da kunya ba: Fasto.

Ta shiga ajin yaƙi da jahilci tana uwar 'ya'ya, domin ta karanta Maganar Allah da kanta. Da sabuwar fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1979 ta iso gare mu, ta tara kuɗin kala ta sayi nata. Yana nan, bangonsa ya fita, ta ɗinke shi da zare.

Abin da ta hana mu na wasa da dariya, jikoki ta ba. Mazan tana kiransu angwayenta, matan kuwa kishiyoyi. A tabarmarta, gaban fitilar ƙwai, yawancinsu suka koyi karatun Hausa da labarin Yusufu da na Daniyel. Bulus ya tuna wa Timoti cewa bangaskiyarsa ta fara zama ne cikin kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki (2 Timoti 1:5). Haka yake a gidanmu.

Ita ce kuma ungozomar unguwa. Ko tsakar dare aka buga ƙofa takan fita, ba ta tambaya gidan Kirista ne ko na Musulmi. Ran jana'izarta maƙwabtanmu Musulmi sun zo da yawa, sun zauna da mu kwanakin makoki. Muna yi musu godiya, Allah ya bar zumunci.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ina da abin da zan furta a gabanku. Na yi shekaru ina aikin Ubangiji a garuruwa dabam dabam, ina gode wa masu ba da baiko mai yawa daga bagade, amma ban taɓa zama na ce wa Inna na gode ba. Na ɗauka akwai lokaci. Matasa, wanda uwarsa ke da rai, kada ya yi irin nawa.

Na biyu kuma, jiya na zagaya bayan majami'a na leƙa tukunyar. Babu komai ciki sai yanar gizo. Tun da ƙafar Inna ta gaza, abin ya yi ta raguwa har ya tsaya. Alhali kuwa yau mun fi dā yawa, mun fi dā samu, gwauraye da marayu ba su ƙare a cikinmu ba. A Littafin Firistoci sura 25, shekara ta 50 ba ta cin shinkafa da ɗinka anko ba ce kawai. Shekara ce da wanda talauci ya raba shi da gonarsa yake komawa gare ta, wanda ya sayar da kansa bauta yake samun 'yanci. Idan bikinmu bai taɓa gidan matalauci ba, bai cika ba.

Saboda haka ina roƙon abu biyu. Ina roƙon dattawa su sa magatakarda ya zauna da tsofaffin da suka rage, a rubuta sunayen matan nan 6 da sauran iyayenmu mata cikin littafin tarihin ekklesiya. Ina kuma roƙon Zumuntar Mata, tare da mu maza wannan karon, mu wanke tukunyar nan, ran Lahadi mai zuwa kowane gida ya zo da danƙinsa.

Ba mu baƙin ciki kamar marasa bege, gama mun san za mu sāke saduwa da ita a gaban Ubangiji. Allah ya ba mu ikon riƙe abin da aka bar mana. Ubangiji ya sa wa ekklesiyarsa albarka, ya kai kowa gida lafiya. Amin.