Alamomin Natsuwar Maraya a Gidan Riƙo

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W), wanda ya tashi maraya, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, ba ɓoyayyen abu ba ne cewa fitinar 'yan bindiga ta bar mana marayu masu yawa a wannan yanki namu. Kisan da aka yi a Birane ta ƙasar Zurmi a 2018, da na Kware ta ƙasar Shinkafi a 2019, kaɗan ne daga ciki. Da yawa daga cikinmu a Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi mun ɗauki ɗan wa, ko ɗan ƙane, ko ɗan maƙwabci, mun haɗa shi da namu. Tambayar da muke so mu tsaya a kanta ita ce: ta yaya mai riƙo zai gane cewa yaron nan ya natsu a gidansa?

Mafi yawanmu muna auna wannan da shiru. Sai ka ji ana yabon yaro cewa ba ya kuka, ba ya roƙo, inda aka ajiye shi nan za a tarar da shi. To, mu sani, shirun ɗan shekara 4 sau da yawa tsoro ne. Labarin zuciya a tambayi fuska. Masu riƙo suna shaida mana cewa a watannin farko yaron yakan ɓoye guntun tuwo a cikin rigarsa, yakan firgita da ƙarar babur, yakan koma fitsarin kwance bayan ya daina. Duk wannan ba rashin tarbiyya ba ne, kuma bulala ba ta maganinsa.

Alamomin natsuwa kuwa sukan zo a siffar da ba mu zata ba. Ranar da ya rage abinci a kwano ya tashi, ya sakankance ke nan gobe ma akwai. Ranar da ya yi gardama da ɗan gida a kan tabarma, ya fara ganin yana da haƙƙi a ɗakin. Ranar da ya faɗi a wurin wasa ya rugo da kuka wurin uwar gida yana kiran Inna, ya sami wadda yake kai wa ƙara. Wani magidanci ya gaya mana cewa bai san yaron da yake riƙo ya zama ɗan gida ba, sai ranar da ya dawo daga kasuwa yaron ya sa hannu a aljihunsa yana neman tsaraba. Saboda haka idan rigima ta fara, mu gode wa Allah, sa'an nan mu yi tarbiyya da sassauci, irin wadda muke yi wa 'ya'yan cikinmu.

Muna da abin koyi a gidan Manzon Allah (S.A.W). Zaidu ɗan Harisa (R.A) ya tashi a hannunsa. Da mahaifinsa da baffansa suka zo Makka don su fanshe shi, aka ba shi zaɓi, sai ya zaɓi zama. Kyakkyawan riƙo ne ya jawo haka. Kuma ya tabbata a Sahihul Buhari cewa Annabi (S.A.W) ya kwatanta kusancinsa da mai kula da maraya a Aljanna da kusancin yatsunsa biyu.

Sai dai a nan akwai iyaka. An kasance ana kiran Zaidu ɗan Muhammadu, har aya ta 5 ta Suratul Ahzabi ta sauka da umurnin a jingina kowane ɗa ga mahaifinsa. Don haka kada ƙauna ta sa mu rubuta sunanmu a matsayin mahaifi a takardar haihuwa ko rajistar makaranta. Ya kira mu Baba don girmamawa, babu laifi, amma ya san sunan ubansa da garinsu da danginsa. Riƙo ba ya sa gado, sai dai ƙofar kyauta da ta wasiyya har zuwa sulusin dukiya a buɗe suke. Riƙo ba ya sa muharramaka, sai in an shayar da shi cikin shekaru 2 na farko. Gona ko dabbar da mahaifinsa ya bari amana ce har ya mallaki hankalinsa, kuma aya ta 10 ta Suratun Nisa'i ta yi wa mai cin ta alkawarin wuta.

Muna kira ga iyaye mata musamman, domin su ne ke wuni da yaran nan: a haɗa su kwano ɗaya da 'ya'yan gida, ɗinkin Salla iri ɗaya, makaranta ɗaya. Kada a ɗora wa maraya talla alhali ɗan gida yana aji. Wannan riƙon sakainar kashi ne, kuma za a tambaye mu a kansa.

Allah Ya jiƙan iyayensu, Ya dawo mana da zaman lafiya, Ya ba mu ikon riƙe amana. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.