Takardar Shaida da Shaidar Zur a Jami'o'i

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku shehunanmu, muƙaddamai da 'yan'uwa muridai, mu dubi sunan da muke kiran digiri da shi: takardar shaida. Duk malamin jami'ar da ya sa mata hannu ya shaida ne cewa wane ya san kaza. Idan kuwa wane bai sani ba, to an yi zur, wanda Manzon Allah (SAW) ya lissafa cikin mafi girman zunubai tare da shirka da saɓa wa iyaye.

Magabata sun san nauyin wannan amana. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Ida'un Nusukhi domin ya ambaci malaman da ya ɗauki ilimi a wurinsu. Ijaza a wurinsu ba ta fitowa sai malami ya auna karatun almajiri da halinsa.

Yau fa? A Disambar 2023 Umar Audu, ɗan jaridar Daily Nigerian, ya bayyana yadda ya sayi digiri a wata makaranta a Kwatano cikin mako 6, bai zauna aji ba, har aka karɓe shi bautar ƙasa da ita. A Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance digirorin Jamhuriyar Benin da Togo. Kafin nan, a 2018, kotu ta ɗaure wani farfesan Jami'ar Obafemi Awolowo shekara 2 saboda neman lalata da ɗalibarsa a bakin maki.

Doka tana nan. An yi ta hana satar jarrabawa a 1999, an kafa hukumar ICPC a 2000. Amma hukuma ba ta shiga ɗakin da malami yake duba takardu shi kaɗai cikin dare. Can babu mai gadi sai muraƙaba, wato sakankancewar bawa cewa Ubangijinsa yana ganinsa.

Kuma kada mu ɗora wa malamai laifin duka, domin kuɗin rashawar nan daga aljihun iyaye suke fita. Akwai uban da zai idar da wuridinsa da asuba, hantsi na yi ya aika a "gyara" wa ɗansa sakamako, yana kiran abin tausayi. La'anar rashawa ta haɗa mai bayarwa da mai karɓa. Yaron nan kuwa gobe shi zai rubuta wa marar lafiya magani, ko ya duba ƙarfin ginin da jama'a za su kwana a ciki.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.