Jawabin Sakatare Kan Tantance Gidajen Mabuƙata

Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, malamanmu, iyaye da 'yan'uwa.

A shekarar 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa 'yan Nijeriya miliyan 133 na cikin talauci. Abin da ta duba ya haɗa da abinci, ruwan sha, makewayi, karatun yara da nisan asibiti. Da wannan ma'auni mu ma za mu bi Sabo gida-gida daga ranar Asabar.

Dalili kuwa, a rabon azumin bara mai baki ya karɓa sau biyu, uwar marayu da kunya ta hana ta fitowa ta tashi a tutar babu. Don haka za mu tambaya: sau nawa ake ɗora tukunya a rana? Yara nawa ke zuwa makaranta? Mutum nawa ke kwana ɗaki guda? Mata ne za su shiga wajen mata, kuma ba za a karanta sunan kowa a fili ba.

In mun gama, za mu kai sunayen ƙaramar hukuma a sa cikin rajistar masu ƙaramin ƙarfi. Wanda aka ce masa shi baƙo ne, ya sanar da mu, domin sashe na 42 na tsarin mulki ya hana nuna bambanci saboda asali.

Allah ya rufa mana asiri. Wassalam.