Jawabi Kan Zaman Inji a Bayan Jirgi

Shugabanni, iyayenmu dattawa, 'yan'uwa fatake, barkanmu da zagayowar wannan rana. Allah ya maimaita mana.

An ba mu 'yan mintoci, kuma mun zaɓi mu yi magana kan injin jirgin ruwa. Dalili kuwa kowa ya sani. Mu nan Simsim, da zarar damina ta kankama, baƙar ƙasar Gadarif takan riƙe ƙafar mota. Kogin Rahad, wanda da rani yakan koma 'yan tafkuna, sai ya ciko da ruwan duwatsun Habasha, ya bi ta Hawata da Mafaza. A lokacin, duk mai kaya a ƙetare, jirgi ne gatansa. Haka ma 'yan'uwanmu da ke bin Atbara da Setit, inda aka buɗe madatsar ruwa a 2017, tafkinta ya raba garuruwa da kasuwanninsu. Da yawa cikinmu yanzu suna da hannun jari a jirgi, ko suna ba da hayar inji.

Mutum zai sayi Yamaha mai ƙarfin doki 15 ko 40 da kuɗi masu yawa, amma ya bar ɗaurinsa ga duk wanda ya samu. Alhali tsayin da aka ɗaura shi ne ke raba tsakanin riba da asara.

Ku duba ƙafar inji. Sama da farfela akwai wani faifan ƙarfe shimfiɗaɗɗe, ƙarƙashinsa kuma akwai ƙofofin da inji ke shan ruwan sanyaya kansa. Ƙa'ida ita ce faifan nan ya yi daidai da cikin jirgi, ko ya sauka ƙasa da shi kamar santimita 2. Idan an ɗaga inji ya wuce haka, farfela za ta riƙa jan iska, inji ya yi ta ihu jirgi ba ya gaba, ruwa ya daina shiga, robar famfo ta ƙone. A tsakiyar ambaliya, da buhunan dawa da mutane a ciki, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Idan kuma an saukar da shi ya yi yawa, zai sha mai a banza, ƙafarsa ta riƙa dukan yashi da kututture.

Ƙafar inji iri biyu aka fi samu: gajera, kimanin santimita 38, da doguwa, kimanin 51. A auna katakon bayan jirgi daga sama zuwa ƙasa kafin a je kasuwa. Jirgi mai dogon baya, ko mai tafiya da iska wanda yakan karkata gefe, doguwar ƙafa yake so, da maƙalar ƙarfe wadda ake iya ɗagawa a sauke.

Abin da muka fi so ku riƙe shi ne: jirgin fatake zama biyu yake yi a ruwa, don haka gwaji biyu ake yi. A gwada shi babu kaya, mutum ɗaya ya koma goshin jirgi, a tabbata faifan yana cikin ruwa. Sannan a yi masa cikakken lodi, a tabbata kan inji ya yi nesa da ruwa. Duk lokacin da aka tayar, a duba siririn ruwan nan da yake fesowa ta baya. In ya tsaya, a kashe nan take. A sa katako mai ƙarfi a inda sukurori ke kamawa, a kuma ɗaure inji da igiya a jikin jirgi.

Muna roƙon shugabanni, kada a ɗora kayan ɗan ƙungiya a jirgin da ba a yi wa wannan gwaji ba, tun kafin kakar riɗi ta zo. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya tsare mu a tudu da ruwa, ya sa albarka a fataucinmu. Wassalamu alaikum.