Kalmar yau: fervour

Ku ɗauko kaye da alƙalami. Yau kalma guda za mu ɗauka cikin Ingilishi, amma babba ce, ba ta cinikin kasuwar Jibiya ba. Ku rubuta: fervour. Haruffa bakwai.

Wanda ya zauna lakkol ya san ƴar uwarta ta Faransanci, ferveur. Uwarsu ɗaya, Latinanci, tsohon harshen Rumawa. A can fervere na nufin tafasa, kamar ruwan tukunya bisa murhu.

To, nan ne Bahaushe ke tuntuɓe. Mu in mun ce zuciyar wane ta tafasa, fushi muke nufi, har a ce a ba shi haƙuri. Ba haka Ingilishi ya ɗauke ta ba. Fervour tafasar son abu ce: himma mai zafi, wadda ke hana mutum zama. Ku tuna filin kokowa. Tun 1975, da aka soma kokowar ƙasa a Tawa, in ɗan jiharku ya ka da abokin karonsa, kowa ya miƙe, tsofaffi na jefa hula sama, mata na guɗa. Wannan ita ce fervour. Ana faɗinta kuma ga mai ibada da dukan zuciya, da mai kishin ƙasarsa. Ba a faɗinta ga mai son tuwo, kome yunwarsa.

Saboda haka in ka ga jaridar Kano ta ce wane ya yi jawabi with fervour, kada ka kai labari gida cewa ya yi faɗa. Yabonsa aka yi.

Sai ku kiyaye da wata mai kama da ita, fever. Wannan zazzaɓi ce, ta likita. A baki sun yi kusa, balle a bakinmu da babu harafin v. Ku ɗora haƙoran sama bisa leɓen ƙasa, ku sa murya ta fito.

Mutanen Ingila da Najeriya suna rubuta fervour. Na Amurka sun zubar da u, suna rubuta fervor, bisa tafarkin ƙamus na Noah Webster na 1828. Duka daidai ne, kada ku yi gardama da kowa.

Kafin mako mai zuwa, kowa ya rubuta ta sau biyar, ya kai wa malamin ajinsa ya duba.