Yadda Za Mu Ɗinka wa Yaro Riga

Yau za mu ajiye littafin karatu kaɗan, mu ɗauki allura da zare.

Kowa ya san abin da ke faruwa in Salla ta matso. Mutum ya kai yadi wurin tela tun azumi yana goma, tela ya ce gobe, gobe ya ce jibi. Ran jajibere a je a tarar da yadin a ƙarƙashin tsibin na wasu, ba a ko sa masa almakashi ba. Tela ba mugu ba ne, aiki ne ya yi masa yawa, kuma rigar babba ta fi ta yaro kawo kuɗi. To, wa ke kuka ran Idi? Yaron. Ga shi kuwa rigar yaro ba ta da wuyar ɗinki. Wanda ya iya riƙe fensir ya iya riƙe allura.

Kada maza su ce aikin mata ne, kada mata su ce aikin maza ne. Ɗinki tsohuwar sana'a ce a ƙasar nan. Wani Bature ɗan Jamus, Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya ga tufafin Kano ana kai su har Tumbutu. A shekarar nan ce kuwa Singer ya fito da kekensa na ɗinki can Amurka. Watau dukan rigunan nan da Baturen ya gani da hannu aka ɗinka su. Mu ma da hannu za mu fara.

Kayan aiki ba su da yawa: allura, zare mai kalar yadin, almakashi mai kaifi, alli, da tef na awo. Ku dubi tef ɗin. Gefe ɗaya inci ne, daga 1 zuwa 60. Ɗaya gefen santimita ne. Mu da inci za mu yi aiki, gama da shi masu yadi ke awo. Inci 36 shi ne yadi ɗaya. Almakashin ɗinki kuwa kada a yanka takarda ko farce da shi, zai dushe, ya riƙa cin yadi.

Yadin auduga za ku nema, mara kauri. Yana shan gumi, yana jure wanki, ba ya zamewa a hannun mai koyo. Yadin roba ba ya shan gumi, in kuma wuta ta taɓa shi narkewa ya ke yi, ya manne wa fata. Auduga ma tana cin wuta, saboda haka kada rigar ta yi jan ƙasa, ku san yaranmu ba su rabuwa da bakin murhu lokacin ɗari. In akwai tsohon zane mai sauran ƙarfi, a fara koyo da shi, in an ɓata ba a yi hasara ba. In sabo ne, a wanke shi tukuna, a shanya, a goge. Sabon yadin auduga yakan ja jiki a wankin farko. Wanda ya yanka kafin ya wanke, ya ɗinka wa ƙanen yaron riga ke nan.

Yanzu awo. Mu ɗauki yaro ɗan shekara biyu. A zagaya tef a ƙirjinsa, ta ƙarƙashin hammata. Mu ce mun sami inci 20. Rubuta 20 a littafinka, da sunan yaron, da kwanan wata. Kada ka ce za ka riƙe a ka. A ƙara inci 6 domin riga ta sake, iska ta shiga, ya zama 26. A raba biyu, gaba da baya, 13 ke nan. A ƙara inci ɗaya na abin da ɗinki zai ci, rabi dama rabi hagu. Faɗin yadinmu ya zama inci 14.

Sa'an nan tsawo. Daga kafaɗa zuwa gwiwa, mu ce inci 18. A ƙara 2 na kalmasa, 20. Tun da gaba da baya a haɗe za mu yanka su, a ninka, 40. To, muna bukatar ƙyalle mai faɗin inci 14, tsawon inci 40. A sa tsawon ya bi bakin yadi, domin ta nan zaren ya fi ƙarfi. Faɗin atamfa wajen inci 45 ne. Ku yi lissafi: 14 sau uku 42. Yadi ɗaya da inci 4 ya ba ku riguna uku.

Kalmasar nan ta inci 2 ba ɓarna ba ce. Yaro yakan ƙara tsawon wajen inci 10 a shekararsa ta farko, wajen 5 a ta biyu, daga nan 2 ko 3 kowace shekara. In riga ta ɗage, sai a warware kalmasa a sauko da ita.

A ninka ƙyallen biyu, ninkin ya zama kafaɗa. Yanzu mun zo wurin da masu koyo ke faɗuwa, watau wuya. Ku kasa kunne. Kan yaro babba ne in aka gwada da jikinsa. Jariri sabon haihuwa zagayen kansa wajen inci 14 ne. In ya shekara, ya kai 18. Ɗan shekara biyu, wajen 19. Kun ji? Ƙirji 20, kai 19, kusan ɗaya. Mai koyo yakan dubi ɗan siririn wuyan yaron, ya yanka rami daidai da shi, ya manta kai ne zai fara wucewa. Mu ma da muka fara haka muka yi. Muka kwana uku muna ɗinki, aka kawo yaron, riga ta tsaya a kunnuwa, yaro yana ihu a ciki, mutan gida suna dariya. Wani kuma, don gudun wannan, sai ya yanka ƙaton rami, riga ta riƙa zamewa daga kafaɗa.

Ga maganinsa. A tsakiyar ninkin, a zana da alli rami mai faɗin inci 4, zurfinsa ta gaba inci 2, ta baya inci ɗaya. A yanka. Sa'an nan a tsaga gaba, daga wuya zuwa ƙasa, inci 4. Tsagar inci 4 tana da baki biyu, saboda haka ta ƙara wa ramin inci 8. Kafin a yi ɗinki ko ɗaya, a kira yaron a zura masa. In kai bai wuce da sauƙi ba, a ƙara tsagar kaɗan. Yanka kaɗan kaɗan, gama abin da almakashi ya ɗauke allura ba ta mayar da shi.

Bakin wuya lanƙwasasshe ne, ba ya yarda da kalmasa sosai. Sai a yanka siririn ƙyalle a karkace, daga kusurwa zuwa kusurwa, mai faɗin inci ɗaya. Ƙyallen da aka yanka haka yana miƙewa, yana bin lanƙwasa. A naɗe bakin wuyan da shi, har da tsagar. Ƙarshen tsagar a maimaita ɗinki sau biyar ko shida a wuri ɗaya, nan ne ke fara yagewa.

Saura gefe biyu. A juya rigar ciki waje. Daga kafaɗa a bar inci 5 na hannu, a sa alama. Daga alamar zuwa ƙasa a ja layi da alli, rabin inci daga baki. Zare kada ya wuce kamu ɗaya, dogon zare sarƙewa ya ke yi. A fara riƙe gefen da manyan taku, a gwada wa yaron, sa'an nan a yi ɗinki na sosai. Ga yadda a ke yinsa: allura ta fito gaba, ta koma baya ta shiga inda takun farko ya ƙare, ta sake fitowa gaba. Kamar taku takwas cikin inci ɗaya. Ɗinkin nan ko yaro ya hau bishiya ba ya ɓallewa. In an gama, a kwantar da bakin da ya rage a ciki, a kalmashe shi, don kada ya goge wa yaro fata. Hannu da ƙasan riga a kalmashe su su ma.

Kada a sa wa rigar ƙaramin yaro maɓalli ko duwatsun ado. Zai cisge ya sa a baki, ya shaƙe shi. Kada kuma a sa igiya a wuya, tana iya sargafewa a dangi ko ƙusa. Tsagar ta zauna a buɗe, ba laifi. Allura kuwa, in an tashi, a soke ta cikin ƙyalle a ɗaga sama. Kada a soke ta a tabarma inda yaro ke rarrafe.

Na farko zai karkace, takun wani babba wani ƙarami. Ba kome, yaro ba ya duba taku. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, kowa ya zo da tsohon zane wankakke, da allura, da awon ɗansa a rubuce: ƙirji, tsawo, da kai. Wanda ba shi da tef ya auna da igiya, ya ƙulla alama, ya zo da ita mu karanta tare. In riga ta samu, sai mu shiga wando, mu ga yadda a ke yin ƙubaka da mazagi.